Ina zan kai kawuna ya ga ƙauye da tarihi a kusa da Kumasi?

Tambaya: Malam, barka da war haka. A Aboabo nake zaune. Kawuna ya zo daga Kano bikin ƙanwata, na kai shi Kejetia da fadar Manhyia, yanzu ya ce birni ya ishe shi, ƙauye yake son gani da wuraren tarihi. Rana ɗaya muke da ita. Ina zan kai shi? An kuma ce mini yawancin wuraren ɗakunan tsafi ne, yaya Musulmi zai yi da wannan?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya. Ka gaishe mini da Kawu da gajiyar hanya.

Ka kai shi Besease, ƙauyen da ke gaba kaɗan da Ejisu a kan hanyar Accra. Daga nan ku shiga Bonwire. In rana ta rage, jikin dattijo kuma ya yarda, ku gangara tafkin Bosomtwe ku yi la'asar a bakin ruwa. Uku ke nan, na ukun ma ba dole ba ne. Na san direbobi za su ce maka a rana ɗaya ana haɗa Ahwiaa da Ntonso da Bonwire da Ejisu da tafki. Ana haɗawa, in dai hoto kawai kuke nema a gaban kowane allo. Na daɗe ina koyar da tarihi, ina kai ɗalibai waɗannan wurare, kuma wanda ya zauna awa biyu a wuri ɗaya yana tambaya shi ke komawa gida da abin faɗa. Wanda aka yi ta jan sa daga mota zuwa mota, da daddare ka tambaye shi, sai ya haɗa sunan wannan gari da labarin wancan. Ahwiaa da Ntonso a hanyar Mampong suke, wani ɓangare ne daban, ku bar su sai wani zuwan.

Ejisu kimanin kilomita 20 ne daga tsakiyar Kumasi. Nisa ba shi ne matsalar ba, cunkoso ne. Ku sha koko da ƙosai bayan asuba ku kama hanya, ku wuce Anloga Junction da Oforikrom da Tech Junction tun ma'aikata da 'yan makaranta ba su cika titi ba. Da kun wuce Kentinkrono da Oduom da Fumesua, saura ƙiris. Trotro, wato ƙananan bas na haya, na zuwa Ejisu duk yini, amma da dattijo a hannunka ka ɗauki tasi na yini guda, ku gama ciniki tun a gida, a faɗi wanda zai sayi mai, a faɗi ko tafkin yana cikin kuɗin. Kada ku je ranar Asabar. Ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, ƙauye duka yana ƙarƙashin rumfa cikin baƙi da ja, wanda zai buɗe muku ƙofa yana can zaune cikin dangi. Lahadi da safe kowa na coci. Talata ko Laraba ta fi.

Abin da za ku gani a Besease gida ne ɗaya, kuma ba babba ba. Yana cikin gidaje goma da suka rage na tsohon ginin Asante, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980, hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce ke kula da su. Sauran suna warwatse a ƙauyuka irin su Adako Jachie da Edwenase da Patakro da Bodwease, har da Kentinkrono da kuka wuce a hanya. Na zaɓa maka na Besease ne don ya fi sauƙin samu daga babban titi, an fi kula da shi, kuma shi ne aka mayar wa jinkarsa ta asali a gyaran da aka yi masa a ƙarshen shekarun 1990.

Da kun shiga za ku tarar da tsakar gida, ɗakuna huɗu suna fuskantarta, an haɗa kusurwoyinsu da gajerun katangu. Uku a buɗe suke ta gaba, an ɗaga daɓensu sai an taka matakala: ɗaya na makaɗa, ɗaya na mawaƙa, ɗaya na girki. Na huɗun a rufe yake. Nan ne ɗakin abin bautar, okomfo, wato bokan wurin, da masu yi masa hidima ne ke shiga. Wannan gidan na Tano ne, abin bautar da ake dangantawa da kogin Tano wanda ya taso daga wajen Techiman. A tsakar gidan za ka ga wani kututture mai rassa a kafe, da tukunya ko kasko a tsakanin rassan. Nyame dua suke ce masa, an keɓe shi ne ga Nyame, wanda a aƙidarsu shi ne mahalicci da ke sama da duk sauran abubuwan bauta.

Ka bar Kawu ya tsaya a gaban bango, kada ka hanzarta shi. Bakano ya san ginin ƙasa, ya taso yana ganin tubali da azara da zanko, zai kama abin da idon ɗan Kumasi ke tsallakewa. Nan ba tubali aka jera ba. Itace aka kafa, aka gitta gora aka ɗaure, sannan aka yaɓa laka ciki da waje. Bangon launi biyu ne. Daga ƙasa zuwa kusan ƙugu jar ƙasa ce, ntwuma, an shafa an goge har tana ƙyalli, mata ne kan sabunta ta. Daga nan zuwa sama farar ƙasa ce, hyire. A jan ɓangaren zanen mai kauri ne, an mulmula shi da lakar kanta, murɗe-murɗe manya da za ka iya sa yatsa a cikinsu. A farin ɓangaren siriri ne, an lanƙwasa tsagin kara ko gora an kafe a bango sannan aka rufe da laka, shi ya sa layukan ke shiga juna suna fita ba tare da sun karye ba. A irin waɗannan gidaje za ka ga kada da kifi da tsuntsaye, da alamomin da ake bugawa a zanen adinkra. Kowanne karin magana ne. Tsuntsun da ya waiwaya baya, sankofa, yana cewa ba laifi ba ne mutum ya koma ya ɗauko abin da ya manta. Ka sa mai gadin wurin ya karanta muku bangon ɗaya bayan ɗaya, aikinsa ne kuma yana jin daɗin a tambaye shi.

Sai ku ɗaga kai ku dubi jinka. Tsayinta ya kusa fin na bangon, a miƙe take ƙwarai, bakinta kuma ya zarce bango sosai. Ruwan sama ne ya tilasta haka. Kumasi na samun kusan milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, Kano kuwa a yawancin shekaru ba ta kai 1,000 ba, a damina ɗaya. Soron ƙasa da indararo da ke zama lafiya a Kano, a nan ba zai ga shekara uku ba. Jinka mai tsini tana zubar da ruwa tun bai jiƙa ganyen tukurwa ba, dogon bakinta kuma yana jefa shi nesa da gindin bango. Da kwano ya shigo aka sauke tsayin rufin, aka rage bakin, ruwa ya riƙa dukan bango yana cin zanen. Yawancin sauran gidajen tara da kwano aka rufe su, kuma wannan na cikin abin da ke cinye su, tare da gara da ƙarancin magina da suka iya aikin. Ni a ganina jinkar nan ta fi zanen bangon nuna hikimar maginan, ko da yake ba ita ake ɗauka hoto ba.

Kawu zai tambaye ka me ya sa babbar daula irin Asante ba ta bar komai ba sai ƙananan gidaje a ƙauye. Ka gaya masa da can Kumasi kanta haka take. Baturen Ingila Bowdich ya zo a 1817 ya zana manyan titunanta, gidajen sarakuna a jere da irin wannan bango da irin wannan jinka. A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga garin, suka kwashe abin da suka kwashe a fada, suka tarwatsa ta da nakiya, suka cinna wa garin wuta. Yaƙin 1900 ya ƙara cin abin da ya rage. Bayan haka kuɗin koko ya zo da siminti da kwano, kowa ya rushe nasa ya gina na zamani. Ɗakunan bauta na ƙauye ne kaɗai ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓawa. Don haka abin da za ku kalla shi ne fuskar tsohuwar Kumasi, wadda babu ita a Kumasi. In a Manhyia an nuna muku kayan zinariya da aka dawo da su a 2024 daga gidajen tarihin Ingila da Amurka, to yawancinsu a irin waɗancan hare-haren aka kwashe su.

Yanzu maganar addini. Fatawa ta malamai ce, in zuciyar Kawu ba ta kwanta ba ku tambayi limaminku kafin ku fita. Ni abin da nake yi shi ne in raba kallon gini da shiga hidima. Kawu ya san mutanen Kano na hawa dutsen Dala su ji labarin Barbushe da Tsumburbura, ba wanda ya ce sun koma maguzanci. Haka nan ma. Ku biya kuɗin shiga ku karɓi rasit. Ku tsaya a tsakar gida. Ɗakin da ke rufe ba naku ba ne, ko an yi muku tayi ku gode ku ƙi. Kada ku taɓa tukunyar da ke kan kututture, kada ku ɗauki hoton mutum ko na wani abu sai kun nemi izini. Idan aka ce a cire takalmi, ku cire, ba ibada ba ce, ladabin gidan mutane ne.

Inda mutanenmu kan rikice shi ne wajen kwalba. A al'adar Asante baƙon da ya zo gaida sarki ko ɗakin bauta yakan kawo giyar schnapps a zuba a ƙasa a yi kirari ga magabata. Wannan ba ruwanka da shi, kuma ba sai ka ɗaure fuska ba. Ka ce, «Mepa wo kyɛw, meyɛ Kramoni», wato don Allah ni Musulmi ne, shi ke nan an gane. Mutanen nan sun fi shekara 200 suna zaune da Musulmi, sun san abin da muke yi da wanda ba mu yi. In za ka ba mai gadi wani abu, ka ba shi a hannunsa a ƙarshe, ka ce tukwicin bayanin da ya yi ne. Abin da nake roƙonka shi ne kada wani a cikinku ya yi tsaki ko ya yi wa abin bautarsu ba'a da Hausa yana zaton ba a ji. Da yawa suna ji. Addininmu ma ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa.

In kun ci sa'a aka kai ku gaban odikro, wato mai gari, ko wani dattijon gidan sarauta, ga tsarin. Ana gaisawa da hannu daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa, ba a fara da babba don yana babba. Za a ba ku wurin zama, a kawo ruwa, sannan su taso su gaishe ku, sai a tambayi amanneɛ, abin da ke tafe da ku, ko da sun riga sun sani. Ba sarki za ka fuskanta kai tsaye ba, okyeame, kakakinsa, ne zai karɓi maganarka ya isar. Kada ka ɗora ƙafa kan ƙafa, kada ka miƙa abu da hagu. Ka bar Kawu ya yi magana kai ka fassara, furfura tana da daraja a wurinsu kamar yadda take da ita a wurinmu.

Besease kuma ita ce mahaifar Yaa Asantewaa, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne, don labarin ya shafe mu. An haife ta wajajen 1840, ta zama uwar sarautar Ejisu. A 1896 Turawa suka kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na ɗaya da manyan fadawansa, har da jikanta wanda ke sarautar Ejisu, aka tafi da su Elmina, daga can Saliyo, daga baya tsibiran Seychelles. Ranar 28 ga Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan da suka rage a Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Kujerar nan ko Asantehene ba ya zama a kanta, a wurinsu ran al'umma ne a ciki. Da sarakuna suka yi sanyi, tsohuwar nan ce ta tsaya ta zuga su, ta jagoranci yaƙin. Suka datse hanyoyin shiga Kumasi da shingayen gungume, suka tsare Gwamna da mutanensa a cikin ganuwar da Turawa suka gina, wadda yanzu gidan tarihin sojoji ce a Adum. Yunwa da cuta suka ci mutane da yawa a ciki da kewayenta. Ranar 23 ga Yuni Hodgson ya fasa ya tsere zuwa bakin teku, a tsakiyar Yuli Kanar Willcocks ya iso da dakarun ceto. An kama ta a 1901, aka kai ta Seychelles, can ta rasu a watan Oktoban 1921. Prempeh ya dawo a 1924. Kujerar kuwa ba ta taɓa shiga hannun Bature ba.

To su wane ne sojojin da ke cikin ganuwar, su wane ne suka zo ceto? A takardun Turawa «Hausa» aka rubuta. Tun a 1863 Kyaftin John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, ya kawo su nan a yaƙin 1873 zuwa 1874, daga baya aka gina rundunar tsaron Gold Coast a kan wannan tushe. Ba duka Hausawan asali ba ne, duk ɗan arewan da ya sa kaki yana jin umarni da Hausa haka ake kiransa, da yawansu kuma bayi ne da suka gudo suka sami mafaka a aikin soja. Amma kakannin wasu gidaje a zangunanmu suna cikinsu. Wannan ba a cika faɗarsa a zango ba. Ni ina faɗa wa ɗalibaina, don mutum ya san ta wace ƙofa ya shigo gari kafin ya tsaya a mahaifar matar nan yana yaba jarumtarta.

Akwai kuma ɗaya ƙofar, wadda ta girmi wannan: goro. Dazuzzukan Asante ne ke fitar da goron da fatake ke kira na Gwanja. Ayari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin yadi da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga, inda Tonawa, kamar yadda kakanninmu ke kiran mutanen Asante, ke kawo goron. Tsawon lokaci sarakunan Asante ba su bar fatake sun gangaro cikin daji ba, a Salaga ciniki ke tsayawa. Bayan 1874 ikonsu a arewa ya karye, kasuwa ta watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta. Bayan Turawa sun kama Kumasi ne hanya ta buɗe, zango ya cika. Tun kafin haka ma akwai malamai Musulmi a fadar Asante, yawanci daga Gwanja da Dagomba da Wangarawa, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci suna yi masa layu. Babbar rigar yaƙin Asantehene, batakari kɛseɛ, lulluɓe take da layu. Tarin irin waɗannan rubuce-rubuce da aka tsinta bayan yaƙin Katamanso na 1826 yana ajiye a ɗakin karatun masarautar Denmark a Copenhagen har yau. Ita ma Yaa Asantewaa, a hoton da aka fi yaɗawa da sunanta, da irin wannan riga mai layu ake nuna ta. Ka ga ke nan a yaƙin 1900 hannun Musulmi yana ɓangarorin biyu, bindiga a can, alƙalami a nan.

Kada ka sa rai da ganin kayanta da yawa. An buɗe mata gidan tarihi a 2000, cikar shekara ɗari da yaƙin, gobara ta cinye shi a watan Yulin 2004 da abubuwa masu daraja a ciki. Abin da ya rage shi ne ƙauyen da bakin dattawansa, shi ya sa na ce ku zauna ku yi tambaya.

Kafin ku bar yankin ku yi azahar a zangon Ejisu, akwai masallaci, akwai waakye da tuwo na mutanenmu. A gidajen fufu na bakin hanya miya kan zo da naman daji wanda ba ka san yadda aka yanka ba, in dole ne ku ce ta kifi.

Bonwire ba ta da nisa daga Ejisu. Garin masaƙan kente ne, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta sa saƙar kente a jerin al'adun da duniya ke tattali. Za su ba ku labarin mafarauta biyu da suka koyi saƙa daga kallon gizo-gizo. Ku saurara, labari ne mai daɗi. Amma Kawu na ganin masaƙar zai gane ta: siririn ƙyalle mai faɗin kamar inci huɗu, zare a miƙe can nesa an danne shi da dutse a kan katako, ƙafafu na taka igiya, ƙoshiya na kai da komowa. Ita ce masaƙar da ake saƙa saƙi da ita a ƙasar Hausa, ita ce a Dagomba da Mali. Abin da Asante ta ƙara shi ne launi da lissafi. A ƙarni na 18 masaƙan sarki kan sayi yadin siliki na Turai su warware shi zare-zare su sake saƙawa yadda suke so. Zanen namiji kan ci ƙyalle kusan 24, kuma sai an lissafa kowanne tun a kan masaƙa don gidajen zane su faɗa daidai in an ɗinke su gefe da gefe. Kowane zane da sunansa: Oyokoman na gidan sarauta, Sika futuro, Adweneasa wanda aka cika shi da ado har babu sauran fili.

Gargaɗi ɗaya: da mota ta tsaya samari za su yanyame ku, kowa na jan ku shagonsa, wani ya tambayi sunanka ya saƙa shi a abin hannu kafin ka fito ya ce ka biya. Ka ce a'a da fara'a, ku wuce kai tsaye rumfar masaƙa. In za ku saya, ka juya bayan zanen. Na saƙa yana da ɗinki tsakanin ƙyalle da ƙyalle, adon ya fito gaba da baya, yana da nauyi a hannu. Na inji bugu ne a fuska ɗaya, shimfiɗa guda ba ɗinki. Kawu ɗan Kano ne, ciniki ba sai na koya masa ba. In hayaniyar ta dame shi, Adanwomase na kusa, su ma masaƙa ne kuma sun fi natsuwa da baƙo.

Idan ƙarfe biyu ta yi kuna Bonwire, ku haƙura da tafki ku koma gida. In kun gama da wuri, akwai hanyar da ta tashi daga Ejisu ta bi ta Onwe da Kwaso ta faɗa Kuntanase, ba sai kun koma cikin Kumasi ba, amma ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki, musamman da damina. Daga Kuntanase za ku hau tudu sannan ku gangara Abono, ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka. Gangaren da tsayi da kwana, ka tabbata birkin motar lafiya yake. A kan tudun ku tsaya minti biyar, daga nan ne ake ganin ruwan a zagaye da duwatsu kewaye da shi. Da hunturu hazo kan rufe shi.

Bosomtwe shi ne tafki ɗaya tilo a Ghana da ba mutum ne ya tare shi ba. Dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita goma da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. Ruwan kansa ya kai faɗin kilomita takwas, zurfinsa a tsakiya kusan mita 80. Ƙarfin faɗuwar ya watsa narkakken dutse har cikin ƙasar Kwaddibuwa, kuma a 2004 masana daga ƙasashe da dama sun haƙa ƙarƙashin tafkin don nazarinsa. Ba kogin da ke fita daga cikinsa, don haka yana cika yana janyewa gwargwadon ruwan sama, duk abin da aka zuba a ciki kuma yana nan. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Mutanen wurin suna da nasu labarin, na maharbin da ya bi gada mai rauni ta shige wani ɗan kududdufi ta ɓace, kuma a aƙidar gargajiya nan ne rayukan matattu ke zuwa sallama.

Abin kallo a wurin masunta ne. Al'ada ta hana sa kwalekwale ko ƙarfe a ruwan, saboda haka a kan gungumen katako suke fita, padua, mutum ya hau ya zauna ƙafafunsa a ruwa, yana tuƙi da tafin hannu ko ɓallin ƙwarya, ga raga ga kwando a gabansa, bai kife ba. Yanzu akwai jiragen inji na masu yawon buɗe ido. In za ku hau, ka ga rigar ruwa da idonka kafin ka biya, kuma kada ka bar yaran da suka biyo ku su shiga iyo, gaɓar tana zurfafa da sauri a wasu wurare. Ranakun hutu wurin cika yake da kiɗa da shaye-shaye, ba zai yi wa dattijo daɗi ba, wani dalilin ke nan na zaɓar tsakiyar mako. Ku sayi soyayyar karfasa da dokunu da yaji, ku zo da tabarmar salla da buta daga gida.

Komawa ku bi hanyar Kuntanase zuwa Atonsu, kimanin kilomita 30 ne zuwa gari. Za ku ratsa Feyiase, inda a 1701 Osei Tutu, sarkin Asante, ya karya daular Denkyira ya kashe sarkinsu Ntim Gyakari, daga nan daular Asante ta tsaya da ƙafarta. A tsakiyar titin garin a da akwai wata tsohuwar bishiyar goro da ake cewa ta tsiro ne daga goron da Okomfo Anokye, babban bokan Osei Tutu, ya tauna ya tofar, har masu yin titi suka kauce mata aka kewaye ta da gini. A watan Nuwamban 2023 aka wayi gari an sare ta, abin ya tayar da hankalin ƙasar Asante duka. Ka sa direba ya rage gudu ya nuna wa Kawu wurin. Ku yi ƙoƙari ku bar Abono kafin ƙarfe huɗu da rabi, in ba haka ba cunkoson Atonsu zai cinye muku magariba a cikin mota.